Wejin da Ban Sa Ba

Ku 'ya'yana, kun taso kuna jin ana kiran ubanku Isiya Farfela, kuma na san har dambe kun yi a kan sunan nan. Ke Hadiza kin taɓa dawowa daga makaranta da yagaggen hijabi saboda shi, kika tambaye ni ma'anarsa, na ce ki wuce ki ci abinci. Yanzu shekaru sun ja, idona ba ya ganin zaren noti sai da tabarau, waɗanda suka san asalin maganar kuma sun kusa ƙarewa. Don haka zan rubuta muku ita yadda take. Wanda ransa zai ɓaci ya ɓaci. Nawa ya fi shekara ashirin a ɓace, ga ni nan ban mutu ba.

Garejin da kuka sani a ƙasan Gangaren Tudu, ƙarƙashin mangwaron nan, kakanku ne ya kafa shi, ya bar mana ni da Yaya Garba. Yaya ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, shi ya fara koya mini riƙe sifana, ba zan ci masa wannan ba. Kunne gare shi na ban mamaki, inji na tashi zai gaya maka abin da ke damunsa. Amma yana da ciwo guda, ba ya auna komai. Idonsa shi ne ma'auninsa, kuma a ganinsa idon nan bai taɓa kuskure ba. Ni kuwa na yi shekara bakwai a garejin wani kamfanin hanya, ƙarƙashin wani tsohon Bayarabe, Baba Lasisi, wanda in ya ga ka ɗaure abu ba ka auna ba sai ya buge maka hannu da abin da ke kusa da shi. Da kakanku ya rasu na dawo gida. Tun ranar da na sauke akwatin kayan aikina Yaya ya raɗa mini Injiniya, kuma bai taɓa faɗin kalmar nan bakinsa a miƙe ba.

A farkon daminar shekarar da nake ba ku labari wani mutum ya kawo mana mota. Sunansa Bulus, Mada ne daga Garaku, dogo mai yawan dariya. Ya sayi tsohuwar jif doguwa mai sitiyari a dama, yana shiga ƙauyukan bayan Garaku yana kwaso doya da masu doyar zuwa kasuwar Keffi. Hanyoyin can in ruwa ya sauka manyan motoci kan haƙa su, tsakiya ta yi tudu, gefe biyu su zama rami.

"Oga Garba, cikin motar nan ya gaji da shafa ƙasa," in ji shi. "Ku ɗaga mini ita ta yi tsayi kamar ni."

Yaya ya ce aikin kwana biyu ne. Muka ƙara falle a sifirin, muka sa ƙarfe tsakaninsa da aksul, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, muka sauya shokazoba, muka ƙara tsawon tiyon birki. Motar ta tashi kamar inci huɗu. Har nan babu gardama.

Dole in tsaya in bayyana muku wani abu, in ba haka ba sauran labarin ba zai shige ku ba. Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, mai ɗauko juyi daga giyabos ta kai wa aksul na baya. A kowane ƙarshenta akwai gaɓa da muke kira kurosin, ita ke ba ta damar lanƙwasa tana juyawa. Wurin da take shiga aksul kuma muna ce masa hanci. In ka ɗaga mota, giyabos ya bi jiki ya hau sama, aksul ya tsaya a ƙasa da tayoyi, sai gangaren farfela ya ƙaru. To kurosin in ya lanƙwasa ba ya juyi sumul, a kowane zagaye sai ya yi sauri ya yi jinkiri, kamar tafiyar mai ɗingishi. Na sama ya yi ɗingishin, na ƙasa ya goge shi, amma fa sai in lanƙwasarsu ta zo daidai da juna. Saboda haka hancin aksul da wutsiyar giyabos dole su kwanta kwanciya iri ɗaya, kada wani ya ɗaga kai ya kalli wani. Ido kuwa akasin haka yake gaya maka. Ido cewa yake ka ɗaga hancin ya kalli giyabos, farfela ta miƙe ta yi kyau. Wannan sai ga farfela mai kurosin biyu a haɗe a sama, ta Bulus kuwa ɗaya ne a sama ɗaya a ƙasa. Kuma ba a duba wannan abu mota na kan jak, sai ta sauka ta zauna da nauyinta a ƙasa mai daidai.

Yaya ya duba shi mota na rataye a kan jak, aksul na lilo. Ya runtse ido ɗaya, ya karkata kai, ya ce hancin ya faɗi. Ya yanko ƙarfe mai kauri ya fere shi ya zama weji, baki siriri gindi mai kauri, ɗaya dama ɗaya hagu, ya cusa su tsakanin sifirin da aksul har hancin ya ɗago yana kallon giyabos sak. Da aka sauke motar, ya tafi shan shayi, na shiga ƙarƙashi da abin awona. Yaran yanzu da waya suke yi. Ni a lokacin robar awon kwana ce ta cikin akwatin lissafin yayanku Nura, na huda ta na ɗaura zare, na rataya noti a ƙarshen zaren. In na jingina ta da ƙarfe, zaren ya nuna mini karkatarsa. Kurosin na ƙasa bai lanƙwasa ko digiri ɗaya cikakke ba. Na sama yana ɗauke da kusan goma sha huɗu, shi kaɗai. Na sake aunawa sau uku don ina fatan ni ne na yi kuskure.

Na bi shi bayan rumfa inda babu kowa, don na san halinsa.

"Yaya, wejin nan ya yi yawa. Duk wahalar ta koma kan kurosin na sama. A cire shi, a sa siriri, ko a bar hancin yadda yake a sauke giyabos kaɗan."

Ya kurɓi shayinsa, ya kalli robar da ke hannuna.

"Injiniya ya zo da kayan 'yan firamare. Tun kana tsumma nake ɗaga mota. Je ka ɗaure notinan, mai ita na zuwa da la'asar."

Na je na ɗaure. Ku rubuta wannan ku ajiye, don ba zan ɓoye nawa ba. Shi ya fere wejin, shi ya cusa shi, amma hannun nan nawa ne ya ɗaure noti takwas a kansa, na kuma ɗaure su da kyau.

Da la'asar Bulus ya zo. Bencin gindin mangwaro cike yake da direbobi da abokan hirar Yaya. Bulus ya zagaya motar yana tafa hannu, yana cewa yanzu ta zama mota. Sai ya wuce Yaya, ya zo inda nake wanke hannu da kananzir.

"Malam Isiya, ta yi ko?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, maganar tana kan harshena. Sai na ga Yaya ya juyo yana kallona, mutanen benci su ma suna kallo. A gidanmu ƙane ba ya gyara wa wa magana a gaban baƙi. Ina ɗan shekara goma kakanku ya taɓa sharara mini mari a zaure don na ce Yaya ya faɗi sunan wani gari ba daidai ba, alhali ni ne da gaskiya. Marin nan ne ya dawo mini a kunci a ranar, ina da shekara talatin da takwas da 'ya'ya huɗu. Na rufe bakina, na ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Bayan mako biyu ya dawo. Ya ce in ya hau kwalta ya taka wuta, motar na kaɗawa har madubi ba ya nuna komai, kujera na yi masa susa. Yaya ya ce sababbin tayoyi ne masu manyan haƙora, za su saba. Ya ɗura giris a kurosin ya sallame shi. Ina tsaye a wurin. Na ga tsatsa ja kamar garin barkono a bakin kurosin na sama, alamar ya fara cin kansa. Wannan karon ko buɗe bakin ban yi ba.

Mahaifiyarku kaɗai na gaya wa. Tana tankaɗe a tsakar gida, ta ajiye rariyar.

"To me kake jira? Ka je ka same shi a gidansa mana. Garaku ba Makka ba ce."

"Yaya zai tafi ɗaurin aure Panda ranar Asabar. In ya tafi zan aika Bulus ya kawo ta, in cire wejin ba wanda ya sani."

"Ita motar ta ce maka za ta jira Asabar?"

Ba ta jira ba. Ranar Alhamis da hantsi, yana gangarowa daga Garaku da doya maƙil da mata biyu masu kayan, kurosin na sama ya fashe. Kan farfela ya faɗo ya caki kwalta, bayan motar ya yi tsalle a kansa, ta kife a gefen hanya. Matan sun fita da ƙujewa da karayar haƙarƙari. Bulus hannunsa na dama yana kan taga, motar ta kwanta a kansa. A asibiti aka yanke shi daga gwiwa.

Yanzu ku saurari abin da har gobe ya fi ci mini rai. Kafin in dawo daga asibitin, magana ta riga ta zaga tasha cewa ni na saita motar. Wa ya faɗa? Yaya Garba. Da direbobi suka tsare shi da tambaya, cewa ya yi shi ya gama aikinsa lafiya, sai yaron nan ya shiga ƙarƙashi da robar makarantarsa ya taɓa abin da bai sani ba. Kuma mutane sun gan ni a ƙarƙashin motar da roba da zare, sun yi dariya a ranar, ba su manta ba. Abin da na auna don in ceci mutum, shi aka ɗauka aka rataya mini a wuya. Na tafi inda aka ja motar, na kwance wejin ɗaya da hannuna, na sa a aljihu. Niyyata in tsaya tsakiyar tasha in ɗaga shi sama, don duk makanikin Keffi ya san firar ƙarfen Yaya.

Ban kai tasha ba. Aka ce Inna na kirana. Na tarar da ita a ɗakinta, Kawu Sale ƙanenta yana kan kujera, Yaya na zaune a bakin gado yana kallon ƙafarsa. Kawu ne ya fara, da doguwar nasiha a kan zumunci. Ban bar shi ya gama ba, na ciro wejin na ajiye a kan tabarma.

"Kawu, a tambaye shi wa ya fere wannan."

Ba wanda ya tambaye shi. Inna ta kalli ƙarfen, ta kau da kai. Ta sani. Duk ɗakin an sani.

"Isiyaku," in ji ta, "garejin nan sunan Garba ke riƙe da shi. Gida uku ke ci a ciki, har da marayun 'yar'uwarku Talatu. In sunansa ya ɓaci, na ubanku ya ɓaci. Kai yaro ne, mutane za su yi surutu su manta."

"Inna, hannun mutum fa aka yanke."

"Ƙaddara ce, maganarka ba za ta mayar masa da shi ba. In dai ni na haife ka, ka bar maganar nan a ɗakin nan."

Na juya ga Yaya. Abu ɗaya nake jira, ya ɗago ya ce Inna a'a, ni na yi. Ko da ƙarya ce, ko da ya san za a hana shi, ya dai faɗa. Sai ya gyara hularsa ya ce, "Allah ya rufa asiri." Asirin wa? Na ɗauki wejina na fita, na bar maganar a ɗakin kamar yadda aka ce. Mahaifiyarku ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba, a na huɗu ta ce, "An yanke wa Bulus hannu, kai kuma ka je ka miƙa harshenka da kanka."

Inna ta ce za a manta. Ba a manta ba. Mutum ya kawo mota, ya ja Yaya gefe ya ce don Allah kada ƙanen nan ya taɓa. Ina ji. Yaya kuma ya gyaɗa kai, ya ce kada ka damu. Kafin kaka na kwashe kayana na bar garejin ubana, na koma gyaran injin niƙa da na ban ruwa a rumfar da kuka taso kuka gan ni a ciki. Ni da na kwance giyabos ɗin katafila na mayar, na ƙare ina wanke kafireton injin markaɗe. Dangi suka ce girman kai ne ya fitar da ni, na raba gida. Abin da aka gaya muku ke nan, na sani, har a bakin gwaggwanninku. Sunan Farfela kuwa a tasha aka raɗa shi, ya biyo ni masallaci, ya biyo ku makaranta. Shi kuwa Yaya ya je Makka ya dawo, ya zama na sahun gaba, ana kawo masa sulhun mutane. Shekara da shekaru muna gaisawa a biki da jana'iza, bai taɓa ce mini ko sannu ba a kan abin nan.

Da ciwonsa na ƙarshe ya yi tsanani na je. Inna ta daɗe da rasuwa, babu sauran wanda za a kare. Na zauna kusa da shi tun azahar har la'asar, mu biyu kawai. Ya buɗe ido ya gan ni.

"Injiniya, ka zo? Duba mini fankar nan, tana ƙara."

Na duba masa fanka. Iyakar abin da na samu ke nan. Da ya rasu na yi masa salla, na ɗauki makararsa, na roƙa masa gafarar Allah don ɗan'uwana ne. Amma kada wani a cikinku ya ce na huce, ban huce ba.

Bayan sadakar arba'in na ɗauko wejin daga akwati na hau mota zuwa Garaku. A raina na ce yau zan wanke sunana a gaban mutum ɗaya da ya fi kowa haƙƙin ji. Duk shekarun nan in na hango Bulus a kasuwa sauya layi nake yi. Na same shi a ɗan shagonsa na kayan masarufi, ya yi furfura, hannun rigarsa na dama a naɗe an soke da fil. Ya gane ni nan take, ya sa aka ba ni kujera. Na miƙa masa wejin, na zayyana masa komai, jak da roba da zare, bayan rumfa, ɗakin Inna. Ya saurara har na gama, yana juya ƙarfen.

"Malam Isiya, ai na sani."

"Ka sani? Tun yaushe?"

"Tun ranar. Ina nan lokacin da Oga Garba ke fere wannan, na dawo ɗaukar takardun mota. Ka san abin da ya sa na wuce gareji nawa na kawo motata wurinku? An ce mini ƙaramin yana aunawa. Shi ya sa ban tambayi yayanka ba, kai na tambaya."

Ya ɗora ƙarfen a cinyarsa, ya ci gaba.

"Na ga bakinka ya buɗe, na ga ya rufe. Na ce a raina, da akwai matsala mutumin nan zai faɗa. Na dawo na biyu, kana tsaye. Shi yayanka ya ɗauka daidai yake yi. Kai fa?"

Bai ɗaga murya ba, da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Na zo da fushin shekara ashirin a kan Yaya da Inna da Kawu da 'yan tasha, na tarar akwai mutum ɗaya da ban sa a lissafi ba, ni kaina, ga ni zaune a kan kujerar Bulus. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce ya daɗe da barin wa Allah, amma ba zai ce mini bai ji ciwo ba. Da na tashi tafiya ya miƙo mini wejin.

"Ka yi haƙuri da hagu," in ji shi. "Shi kaɗai gare ni."

To kun ji. Wejin ba ni na sa ba, wannan gaskiya ce, kuma ina so ku san ta, ku gaya wa duk wanda ya ce ubanku bai iya aiki ba. Amma daga yau kada wanda ya ƙara yin faɗa a kan sunan nan. Wejin yana cikin akwatina na ƙarfe tare da robar, zaren ma yana jiki. Kai Nura, kai ne babba, robarka ce, amma ba kai zan bar wa ba. Aminu zan bar wa, autanku. Ranar da ya gyara maka magana a gaban mutane, in ka ji hannunka na ƙaiƙayin mari, ka sa ya buɗe akwatin ya nuna maka.